Shirun Adawiyya a Gaban Alhaji Marwa

A unguwarmu Limawa ana ta cewa jikata Adawiyya ta rasa aikin lauyan kamfanin taki ne don ba ta da kowa a sama. Ban yarda ba. Na je na sami Larai, sakatariyar kamfanin, wadda na koyar a firamare.

Ta ce, "Malama, takardunta sun fi na kowa. Amma ranar intabiyu shugabanmu, Alhaji Marwa, da gangan ya kawo wata doka ba daidai ba. Lauyan da zai iya ce masa ya yi kuskure yake nema, ita kuwa ba ta gyara masa ba."

Da na tambayi Adawiyya, sai ta fashe da kuka.

"Na gane kuskuren, Hajiya. Amma ai sa'an Baba ne."

Ni na koya mata ba a gyara wa babba magana.