Zambon Labbo a Kan Fiyano

Jatau makaɗin mahauta ne a Tsafe. Kalangu ya gada wurin ubansa, uban ma gado ya yi. Ranar kasuwa yakan tsaya a bakin rumfunan nama ya kaɗa wa kowane mahauci takensa, wato kirarin da kalangu ke faɗa da sunan mutum. Wanda ya ji an kira shi sai ya yanko tsoka ya jefa a jakar Jatau. Haka ake yi daga Tsafe har Bungudu.

Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Sai ya ɗauki Haliru, ɗan ƙanensa, don ya gaje shi.

Koyarwar Jatau guda ce: baki kafin hannu. Ba ka riƙe gula, icen nan mai lanƙwasa da ake kaɗawa da shi, sai ka iya faɗin take da bakinka, ka san mai shi, ka san ubansa. Haliru ya yi dakon kalangu, ya shafa wa tsarkiya mai, ya jiƙa fata, ya haddace taken mahauta har na waɗanda ƙasa ta rufe. Daga baya aka bar shi yana kaɗawa a zaure. A gaban jama'a kuwa, babu.

"Baba, yaushe zan kaɗa a kasuwa?"

"In ka nuna."

"Gemu fa ya fito mini."

"Bunsuru ma na da shi."

Bayan an ba Zamfara jiha, Gusau ta cika da baƙi da janareto da kaset. A nan wani saurayi mai suna Kamilu ya buɗe shago kusa da tasha yana koya wa matasa fiyano, abin kiɗan nan na lantarki mai haƙora farare da baƙaƙe. Haliru ya je kallo wata rana, ya dawo bakinsa bai rufu ba.

"Baba, ranar da ka je, ranar ake ɗora maka hannu a kai."

"Jaki ma ranar da aka haife shi yake tafiya," in ji Jatau.

Da aka gama kakar 1998 Haliru ya ɗaure kayansa ya zo sallama, zai koma Gusau wurin Kamilu. Jatau bai ɗago kai ba. Ya ce masa ya mayar da gula inda ya same ta. Shi ke nan.

A shekarar ne hannun Jatau na dama ya fara rawa. Bai gaya wa kowa ba. Yakan taƙaita take, ya tsallake wuraren da ke son sauri. Mahauta suna ji, suna kau da kai, suna jefa tsoka.

Wata ranar kasuwa ya tsaya inda ya saba, ya kaɗa wa na farko. Mutumin ya ci gaba da sara ƙashi kamar kurma. Na biyu ya juya baya. Har ƙarshen layi jaka ba ta ga ko kitse ba. Wani tsohon mahauci, sa'ar Jatau, ya jawo shi bayan rumfa.

"Kai ka aike shi?"

"Wa?"

"Yaronka. Bikin ɗan Alhaji Sani, a Bungudu. Samari suka ce kalangu ya tsufa, aka ɗauko masu fiyano daga Gusau. Da la'asar sakaliya, a ƙofar gida, mahauta sun cika tabarmi. Yaronka ya ɗora hannu ya kaɗa zambon Labbo, wuƙa bayan rai. Har da maimaitawa. Yana murmushi."

Jatau ya dafa ginshiƙin rumfa.

Labbo uban Alhaji Sani ne, babban mahauci a zamaninsa, ya daɗe da rasuwa. Wata shekara ya hana uban Jatau tsoka, shi kuwa ya ƙera masa zambo a kalangu: Labbo, wuƙa bayan rai. Wato sai dabba ta mutu yake sa mata wuƙa, mushe yake sayar wa Musulmi. Babu zagin da ya kai wannan a kunnen mahauci. Dattawa suka shiga tsakani, aka shirya, aka yi alkawarin ba za a sake jin sa a fili ba. Sai dai kiɗan yana da hawa da sauka fiye da kowane take. Saboda haka duk ranar da Jatau ya sa sabuwar fata, da shi yake gwada ta, a cikin ɗaki. Haliru ya tashi yana jin sa. Kalmomin ne kawai ba a taɓa ba shi ba.

"Mahauta sun haɗa baki," in ji tsohon. "Babu mai ba gidanku tsoka daga nan har Bungudu sai an wanke Labbo a garin da aka ɓata shi. In ba a yi ba, mu nemi wani makaɗi. Na faɗa maka ne don tare aka yi mana kaciya."

Washegari Jatau ya hau bas zuwa Gusau.

Shagon Kamilu bai fi rumfar mai shayi ba. Janareto na kuka a ƙofa. A ciki ga benci, ga fiyano a kan tebur, an manna wa haƙoransa farar filasta, kowanne da lamba. Wani saurayi na dannawa da yatsa ɗaya, Kamilu na tsaye a kansa yana kira masa lambobi. Da ya ga tsoho da kalangu a kafaɗa sai ya yi dariya.

"Baba, sannu da zuwa! In musanye aka kawo, ba ma karɓar mai gashi. In koyo ne, ga benci."

"Kai ne malamin?"

"Ni ne, Baba."

"Mi kake koya musu?"

"Yatsu. In yaro ya ji daɗin abin da ya fito daga hannunsa tun ranar farko, gobe zai dawo. In ya dawo, saura mai sauƙi ne."

"Shi abin, mi yake cewa?"

"Ba ya cewa komai, Baba. Sauti ne."

"Ya ce wani abu a Bungudu."

Dariyar Kamilu ta ɗauke. Ya sallami ɗalibin, ya kashe janareto.

"Da ƙashi aka jefe mu, Baba. Da ƙyar muka kwashe kaya. Har yau ban san laifinmu ba."

Haliru ya fito daga bayan labule, ya durƙusa. Ya yi ƙiba kaɗan, ya sa agogo. Jatau bai amsa gaisuwar ba.

"Abin da ka kaɗa musu. Yi shi da baki."

Haliru ya rera shi da hanci, hawa da sauka, babu kuskure ko ɗaya. Jatau ya bi shi a hankali yana ɗora kalmomin a kai. Labbo, wuƙa bayan rai. Haliru ya tsaya a tsakiya. Ya zauna a ƙasa daɓas.

"Innalillahi. Baba, na ɗauka gwajin fata ne. Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ba ka nuna ba."

"To yaushe zan nuna?"

Kamilu ya matso, ya cire hularsa yana murza ta.

"Baba, ka yi haƙuri da bakina. Yaron nan ya zo mini da kunnen da ban taɓa ganin irinsa ba. Abin da ya ji sau ɗaya, ya zauna. Kai ka yi masa kunnen, ba ni ba. Amma ka ba shi wuƙa a cikin kube, ba ka ce masa wuƙa ce ba. Ni kuma na ce masa duk abin da ya yi daɗi ya kaɗa. Ka ga mun haɗu a kansa."

"Ni na tambaye ka?"

"A'a, Baba."

Jatau ya gyara kalangu a kafaɗa, ya dubi Haliru.

"Ranar kasuwar Bungudu. Da hantsi."

"In zo da fiyano?"

"Ka zo da kunyarka."

Ranar kasuwar, rumfunan nama na Bungudu sun cika fiye da kullum. Labari ya zaga. Har masu tumatir sun bar kayansu sun zo. Alhaji Sani na tsaye bayan teburinsa, ƙato, da wuƙa a hannu, cinyar bijimi na rataye a bayansa. Haliru ya je ya durƙusa gabansa ya ba da haƙuri. Alhaji Sani ya dubi saman kansa kawai.

"Ba da baki aka zagi ubana ba," in ji shi. "Da kiɗa aka yi. A wanke da kiɗa."

Jatau ya matsa tsakiya. Ya sa kalangu a hammata, ya ɗaga gula. Taken Labbo na gaskiya mai sauri ne, ba shi da wurin tsallakewa. Bugun farko ya fita. Na biyu ya zame gefen fata. Ya sake. Gula ta yi rawa a hannunsa, ta buga itace. Wani yaro ya yi dariya, aka make shi.

"Jatau," in ji Alhaji Sani, "zagin ya fito tar, wankin ne zai zo da i'ina?"

Kowa na kallon hannun. Sannan Jatau ya zare igiya daga kafaɗarsa ya miƙa wa Haliru kalangu, ya miƙa masa gula. Bai dube shi ba.

"Baki tukuna."

Haliru ya miƙe. Ya ɗaga murya yadda har masu hatsi za su ji.

"Labbo na Rakiya, mai yanka da bisimilla! Sa ya gan ka ya ba da wuya. Wanda ya ci naka ya kwana da salla. Labbo, uban Sani, wuƙa gaban rai!"

Ya matse tsarkiya da hammata, ya saki gula. Kalangu ya faɗi abin da bakin ya faɗa, kalma bayan kalma, babu wadda ta faɗi ƙasa. Ya koma farko ya ƙara sauri. Tsofaffin mahauta suka fara ɗaga wuƙaƙe sama. Alhaji Sani ya tsuma, jikinsa na ɓari, hawaye na bin gemunsa. Ya juya ya zabtare tsoka daga cinyar bijimin, wadda ta fi tafin hannu biyu, ya jefa a jakar Jatau. Sauran suka bi.

Da ya dawo hayyacinsa ya share fuska da hannun riga.

"An wanke. Amma Jatau, ka ji da kyau. Daga yau wanga yaro muke so a bakin rumfa, nan da Tsafe duka. Kai ka huta. In shi ne, gidanku na nan. In ba shi ba, ka san sauran."

Bas ɗaya suka shiga zuwa Gusau. A tasha Haliru ya ɗauki kalangu da jakar nama, kamar yadda ya saba tun yana ƙarami, ya raka tsohon har motar Tsafe. Jatau ya zauna. Haliru ya miƙo kalangu ta taga. Jatau ya tura shi baya.

"Riƙe. Naka ne."

Haliru ya dubi kalangun, ya dubi hanyar shago.

"Baba, na zo wanke abin da na ɓata ne."

"Ka ji abin da Alhaji ya ce."

"Na ji. Ina da yara da nake koya wa yanzu. Malam Kamilu ya bar mini na safe."

"Da lamba."

"Da lamba."

"Abin da ba ya magana."

"Yana yi, Baba. Ai mun gani." Ya yi ƙasa da murya. "Da bara ka ce mini riƙe, da ban san hanyar Gusau ba."

Kwandasta ya buga gefen mota. Haliru ya ɗora kalangun a cinyar tsohon, ya sa gula a kai.

"Ranar kasuwar Tsafe fa?" in ji Jatau. Bai taɓa tambayar yaron abu da irin wannan muryar ba.

"Ban yi alkawari ba, Baba."

Ranar kasuwar Tsafe, Jatau ya fito tun da sassafe. Bai shiga wajen rumfuna ba. Ya tsaya a bakin titi, kalangu a kafaɗa, sabuwar fata a kai, yana duban duk bas ɗin da ya fito daga Gusau. Mata suka sauka da kwanduna, ɗalibai suka sauka, wani ya sauke akuya. Rana ta take. Mahauta suka sayar da rabin namansu babu kiɗa. Tsohon nan sa'arsa ya leƙo sau ɗaya, ya koma.

Kasuwa ta gaba ma haka.

A ta bayanta, tun kafin ya kai titi ya jiyo kalangu daga wajen rumfunan nama. Wani makaɗi ne aka ɗauko daga Rawayya. Hannunsa da ƙarfi, ba laifi. Jatau ya tsaya a inuwar wani shago yana saurare. Da baƙon ya zo kan taken tsohon mahaucin nan, sai ya tsallake sunan uban mutumin. Bai san shi ba. Aka jefa masa tsoka duk da haka.

Jatau ya faɗi sunan da bakinsa. Ya sa hannun dama cikin riga, ya juya gida.