Ranar da Delu Ta Kashe Injin Famfo

Shekarar fari ta tamanin da huɗu, rijiyoyin wani ƙauye a yankin Gangara duk sun ƙafe, sai famfo guda mai inji. Shi ke shayar da mutane da ragowar dabbobi. In ya lalace, to, sai ƙaura.

Delu, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, gindin famfon nan take yini. Ciniki babu, sai kallo. Ta kalli Labo mai inji har ta haddace hannunsa: in zai tashi daga aiki, ya murɗa makullin bututu a hankali har ya rufu, ya yanke wa famfo wuta, ya bar inji ya huce, sannan ya kashe.

Ran nan da azahar bututu ya soma tari yana tofo yashi. Labo ya miƙe, jiri ya kwashe shi ya zube. Kwana biyu bai sa komai a ciki ba, bawan Allah. Wuri ya yamutse. Ɗan Bala, wani ƙato mai amalanke, ya ruga zai fizge ƙarfen kashe inji.

"Kai, Ɗan Bala, cire hannunka!" in ji Delu.

"Inna, zai ƙone!"

"Gaggawarka ce za ta ƙone mu. Zo nan!"

Wallahi ita ma ba ta taɓa kama ƙarfen nan ba. Makulli ya ƙi mata, ta sa Ɗan Bala ya murɗa, tana cewa, "Sannu-sannu, ba wuyan bijimi ba ne." Ya rufu. Ta yanke wuta. Jama'a na ihu ta kashe, ta yi kunnen uwar shegu da su. Sai da muryar inji ta yi laushi ta ja ƙarfen.

Da Labo ya farfaɗo ya ji labari, kuka ya yi. Ya ce da an kashe farat ɗaya, ruwan bututu zai koma ƙasa da ƙarfi ya fasa famfo, sabo kuwa sai Maraɗi, sai an yi watanni. Washegari ruwa ya sake taruwa a ƙasa, inji ya tashi lafiya lau.

Da hantsi Habi, matar wani makiyayi, ta durƙusa gaban Delu da 'yar ƙwarya. Madara ce, ko ludayi uku ba ta kai ba. Saniya ɗaya ta rage musu.

Delu ta karɓa hannu biyu, ta yi ta godiya. Sai ta ce, "'Yar nan, yaranki fa?"

Habi ta ce, "Sun sha ruwa, Inna. Yau ma sun sha ruwa."