Yadda Na Raya Mai Jan Kallabi

Ni Sa'a, wadda matan garinmu ke kira Gwaggo, na yi wata ƙarya a shekarar alif ɗari tara da tamanin da shida. Ba babba ba ce, amma ta yi girma a hannuna, har ta kusa kayar da ni.

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin babban kanal na ban ruwa. A lokacin wani saurayi mai suna Maharazu yana zuwa daga Kura duk ranar kasuwa da talabijin da akwatin bidiyo da ɗan janareta. Ya kafa rumfar zana, ya lulluɓe ta da tamfol don duhu, bayan azahar maza su shiga. Matan aure ba sa zuwa. Ni kuwa tsohuwa ce mai sayar da dafaffen rogo, ba wanda ke kallona sau biyu. In shiga da farantina, in sayar, in kalla.

Fim ɗin da ya haukata gari na Turawa ne. Ba wanda ya iya faɗin sunansa, sai aka sa masa Mai Lauje. Wani ƙato ne mai farin ido ɗaya, yana jan ƙafa, yana zaune a wani tsohon gidan niƙa, duk wanda ya shiga sai ya fito gunduwa-gunduwa. Kashi na ɗaya na fim ɗin ya zo, na biyu ya biyo baya.

Idan tumatir ya yi yawa har motoci suka ƙi ɗauka, mata kan taru a gida ɗaya su yanka a shanya. Nan nake zuwa. A shimfiɗa mini tabarma a tsakiya, a miƙo goro, ni kuma in ba su Mai Lauje daga farko har ƙarshe. Ba ni da gona, 'ya'yana suna can Kumbotso, amma babu ƙofar da ba ta buɗe mini. Tabarmar nan ita ce sarautata.

To ga inda ƙaryar take. Ni matsoraciya ce. Da ƙaton ya ɗaga lauje sai in cusa fuska cikin mayafi, sai ihun maza ya lafa in leƙo. Abin da ban gani ba kuwa in ƙaro daga kaina. A na biyu akwai wata yarinya mai jan kallabi da nake ƙauna. Ƙaton ya rutsa ta a ƙarshe, na rufe ido, da na buɗe rubutun ƙarshen fim ne ke hawa sama. Sai na gaya wa mata cewa ta ɗauki taɓarya ta fasa masa ido mai kyan, ta fita da ƙafarta.

Ranar mata har guɗa suka yi. Binta, matar Alhaji Baballe dillalin tumatir, ta ce in ta haifi mace jan kallabi za ta ɗaura mata. Mutum ɗaya ce ba ta yi guɗa ba: Saude, matar Uba mahauci. Tana yanka tumatir ba ta ɗago ba ta ce, "Gwaggo, ashe Turawa ma suna da taɓarya?"

Na ce, "Suna da ita mana, ta ƙarfe."

Ta ce, "Uhm."

Da rani ya zagayo sai labari ya zo cewa na uku ya fito. Maza suka fara musu a bakin kanal, wasu na cewa ƙaton ba ya mutuwa, wasu na cewa wannan karon da injin yankan katako zai zo. Binta kuma ta haifi mace. Da Alhaji ya tambaye ta abin da take so, sai ta ce a kawo na uku cikin gida, washegarin suna, mata su gani da idonsu. Tana so ta ga Mai Jan Kallabi. Alhaji ya yarda.

Da na ji, goron bakina ya koma ƙasa. In aka kama ni, ba dukana za a yi ba. Tabarmar za a naɗe, 'yan mata kuma su sa ni a waƙar daka.

Ban zauna ba. Da sassafe na hau bayan motar kwanduna na sauka a Kura, na nemi shagon Maharazu.

Na ce, "Ɗan nan, sa mini na ukun nan in gani."

Ya ce, "Gwaggo, ke da kike kallon cikin mayafinki? Ai duk rumfa an sani."

Na ce, "Maza sun sani. Maza ba sa yankan tumatir. Kunna."

Ya kunna. Na sa yatsu na riƙe fatar idanuna kamar mai neman a hure mata tsakuwa. Ashe na ukun da ƙarshen na biyu yake farawa, don tunatarwa. Ga yarinyata, ga kallabinta, ga ƙaton. Babu taɓarya. Lauje ya sauka sau ɗaya, kai ya mirgina, lauje ya sake sauka, ciki ya buɗe. Na fita bayan shago na mayar da kokon da na sha.

Na dawo na ce, "Ranar nan ka tsallake farkon."

Ya ce maɓallin tura gaba ya mutu tun bara. Ya ce kuma shi ba zai shiga cikin gidan matan aure ba, a waje zai zauna gun janareta, sai dai ya nuna wa wata inda ake dannawa.

Na ce, "Ni za ka nuna wa. Maida shi farko."

Sau huɗu na kalli wurin nan. Na biyu na sake amai. Na uku na yi ta salati amma ban fita ba. A na huɗu ina ƙirga: daga buɗe ƙofar gidan niƙan zuwa saukar lauje, numfashi tara ne. Daga nan zuwa wucewar abin, numfashi shida. Na ɗaure wannan a bakin zanena na koma gida.

Washegarin suna, bayan azahar, aka shirya talabijin a babban ɗakin Binta, aka toshe taga da bargo, waya ta bi ta ƙarƙashin ƙofa. Mata sun fi talatin, har da Hawwa mai nono da ta ajiye ƙwaryarta a tsakar gida ta ce ita ma sai ta ga wanda ya hana mijinta bi ta gidan niƙa. Jaririya na cinyar Binta da ɗan jan ƙyalle a ka. Ni na zauna gefen akwatin, fuskata rabi ga talabijin rabi ga mata.

Kafin in danna na ce, "Ku saurara. Akwai wuraren da ba a kallo. Mai shayarwa ta gani, nono ya ƙafe. Mai ciki ta gani, kun san sauran. In na ce ku rufe, ku rufe. Ni da na gama haihuwa zan kallar muku."

Na danna. Yarinyar ta fito. Ɗaki ya ɗauka: "Ga ta nan! Wallahi ita ce!" Binta ta ɗaga jaririya ta nuna mata. Ƙofar gidan niƙa ta buɗe. Na ƙirga bakwai na kurma ihu, "Ku rufe!"

Mayafai suka tashi kamar an kaɗa kaji. Kowa ta dunƙule. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, sai na iso kusurwa. Saude na zaune tana ɓare gyaɗa, ido a buɗe tar, tana kallon kai yana mirginawa. Da ya gama mirginawa ta juyo ta kalle ni.

Numfashi shida suka cika. Mata suka leƙo.

Binta ta ce, "Me ya faru? Ta buga masa?"

Saude ta ce, "Ku tambayi Gwaggo. Ita ke kallar mana."

Amma ban zo daga Kura da amai biyu don in faɗi a nan ba. Na ce, "Ya kashe wata."

"Wa?"

"'Yar'uwarta. Tagwaye ne. Hassanar ce ta fasa masa ido ta gudu, wannan Usainar ce ta zo nemanta da aron kallabi."

Duk suka juya ga Saude, don sun ga ba ta rufe ba. Ta jefa gyaɗa a baki, ta tauna, ta tauna. Na rantse a zuciyata tauna goma ta yi.

Ta ce, "Usainar ce. Ta fi waccan ƙiba. Kuma ku daina rawar jiki, hanjin nan na tunkiya ne, kullum ina wanke irinsa. Jinin ma ya yi ruwa, ko kaza ba ta jini haka."

Shi ke nan, ɗaki ya warware. Hawwa ta ce ai da ma ta ga tafiyar ba iri ɗaya ba ce. Aka ci gaba, ina cewa ku rufe, suna rufewa. Aka zagi wanda ya shiga gidan niƙa shi kaɗai, aka ce uwarsa ba ta yi masa faɗa ba. Aka ce ƙaton ya rame, na biyu da na ba su labari ya fi wannan daɗi. Da rubutu ya hau Binta ta ce, "To ina Hassanar? Har aka gama ba ta fito ba."

Na ce, "Ta tafi gidan iyayenta haihuwa."

Binta ta rungume 'yarta ta ce Allah ya raba lafiya, mata suka amsa da amin.

Ina fita Saude ta tare ni a bayan rumbu. Ta ce, "Gwaggo, taɓaryar ƙarfe ko?"

Na ce, "Ƙawata, faɗi abin da kike so."

Ta ce, "Duk ranar kasuwa, kafin ki je gidan kowa, ki biyo ta wurina ki ba ni na gaskiyar. Yadda aka yanka, inda aka yanka. Ina tambayar Uba, in kika ƙara ko gishiri zan sani. Bayan nan ki je ki ba su naki."

Kasuwar da ta zagayo na shiga rumfar Maharazu da farantin rogo, na wuce maza na zauna a gaba. Mayafin na cire shi na zauna a kai.