Iskar da Likita Ke Jira

Wani mafarki na yi jiya da dare, kwana uku ke nan da yi mini tiyata. Tsohon ciwona na kumburin hanji ne ya toshe mini ciki, likita ya yanke inda ya tsuke, ya haɗe sauran. Ya ce ko kunu ba zan kurɓa ba sai na yi tusa, ita ce shaidar hanjin ya farka. In shiru ya yi yawa, sai a sake buɗe ni. Ni Tanimu, da girmana da gemuna, ina kwance ina jiran tusa.

A mafarkin, sai ga ni a bakin wani titi ja, mai laushi, yana numfashi. Motoci sun yi layi har ƙarshen gani: tirelar tuwo, a-kori-kura cike da ƙosai, wata fura a kan babur. Wani bunsuru da farar riga yana ba da hannu.

"Ranka ya daɗe, titin wa ne wannan?"

"Naka ne mana," in ji bunsurun. "Shekara arba'in kana aiko mana da kaya, ko gaisuwa ba ka taɓa zuwa ba."

Na ba shi haƙuri.

Can gaba wata tunkiya tela ta yanke matsatsin titin da almakashi, ta sa a aljihu, ta hau keken ɗinki ta ɗinke bakin biyu. Wallahi ɗinkin ya yi kyau, ko na sallah albarka. Ruwa yana tashi daga ƙasa ɗigo-ɗigo yana shiga wata leda a sama. Raina fes.

"To a buɗe hanya mana!" in ji furar.

"Sai Hajiya Iska ta wuce," in ji bunsuru. "Kunya take ji, wai akwai mutane."

Duk muka juya baya, har tuwon. Na ce, "Hajiya, ki taimaka ki fito, duk na gida ne."

Wata doguwar ƙara ce ta tashe ni, kamar an ja benci a siminti. Gari ya waye. Surukata, Inna Yalwa, tana zaune daf da gado, ta zo dubiya. Kunya ta kama ni, na ja bargo zan rufe fuska.

Ta ɗaga hannuwa sama ta ce, "Alhamdu lillahi!" Ta juya wajen matata. "Larai, me kike tsaye? Kira likita, ki miƙo ludayi!"