Jan Biron Umma

Ranar da tafasasshen ruwa ya zuba wa Umma a hannun dama, muna fitowa daga ɗakin nas ta dube ni ta ce, "To, littattafan yarana fa?"

Umma malamar aji ɗaya ce. Kullum idan aka tashi, takan dawo gida da littattafan rubutun ɗalibanta a cikin tsohon kwalin sabulu, ta zauna a tabarma, ta rubuta layi guda da jan biro a saman sabon shafin kowane yaro. Washegari shi za su yi ta kwaikwaya har ƙasan shafi. Nas kuwa ta ja mata kunne cewa in hannun ya yi aiki, ƙunar za ta buɗe, a koma baya.

"Ni zan rubuta," na ce da muka iso gida.

Yaya, wana da ke gyaran keke a bakin zaure, ya kwashe da dariya. "Uwar karatu da kanta! Wadda in ta ji sallamar baƙo sai ta shige bayan labule?"

"Ai ba gaisawa za ta yi da yaran ba," in ji Umma. Ta nuna mini kwalin da haɓa. "Rubuta musu: Kaza ta sha ruwa."

Ina ji da rubutuna, ba zan ɓoye ba. Ƙanana ne haruffana, a kishingiɗe, kowanne riƙe da wutsiyar ɗan'uwansa. A makarantarmu har aron littafina ake yi don a kalla. Na zage na zuba musu shi a kowane shafi, Umma na ɗaki tana fama da zogi, ban ko nuna mata ba.

Washegari da ta dawo, ta sa aka ajiye kwalin a gabana. Na buɗe na farko. Kamar tururuwa ta faɗa tawada ta bi ta kan takarda. Na biyu igiya kawai ya ja mai lanƙwasa, daga wannan gefe zuwa wancan. Na uku an goge shi, an sake gogewa, har takardar ta huje.

"Umma, wannan kuka ya yi?"

"Har da majina. Cewa ya yi yau kazar ba ta da kai."

Yaya ya leƙo, ya riƙe ciki don dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Da na ɗaga kai, sai na ga Umma tana ƙoƙarin cusa jan biron tsakanin yatsunta da bandeji, tana cije leɓe. Na san halinta, sai ta rubuta su duka ko da jini zai ɗiga.

"Umma, don Allah a ba ni na gobe. In ya ɓaci, sai ki karɓa."

Ta dube ni. Sannan ta saki biron ya faɗi a cinyata. "Matso nan. Buɗe shafukan baya, ki ga yadda nake yi."

Ashe ban taɓa duba rubutun Umma da kyau ba. Kowane harafi a tsaye yake shi kaɗai, ya zauna daram a kan layi, babba kamar wake. Tsakanin kalma da kalma akwai fili.

"Sa ƙaramin yatsanki a nan. Shi ne ma'auni. In kika matse su, yaro zai ɗauka kalma ɗaya ce."

Na fara. Hannuna ya yi ta son ya gudu, ina janyo shi.

"Dakata, wannan mai cinyayyen bango ba layi ake ba shi ba. Ɗigo-ɗigo za ki yi masa, ya bi da fensir. Bai kai ba tukuna."

"Waɗannan biyun masu bango iri ɗaya fa?"

"'Yan biyu ne. Ki ba ɗaya kaza, ɗaya akuya. In ba haka ba ɗayan zai kwanta, ɗan'uwansa ya yi musu duka."

Da muka zo kan wani mai tsabta, ta ce in rubuta harafin koyi a ƙarshen kowane layi, ba a farko ba. "Bahaguwa ce. In kika sa a hagu, hannunta zai rufe shi, ta yi ta ɗaga gwiwar hannu tana zungurin maƙwabciyarta."

"Ke Umma, duk kin haddace su?"

"Su ma sun haddace ni. Rubuta, ki daina surutu."

Yaya ya zo wucewa, ya tsaya a kaina. "Kai! Uwar karatu ta koma aji ɗaya. Umma, a saya mata allo."

"Kai ma zo in gyara maka naka, ko mai kemis ba ya iya karanta shi," in ji Umma.

Ya yi waje, mu kuma muka yi ta dariya har na kusa ɓata shafi.

Washegari a aji ban ji rabin abin da malaminmu ya faɗa ba. Ana tashi na rugo gida. Na tarar da kwalin a kan tabarma, Umma na kishingiɗe a gefe, hannun a kan filo, bandejin fari tas. Na buɗe na yaron da ya yi kuka. Kaza ta sha ruwa tun daga sama har ƙasa, wata a karkace, wata ta haura layi, amma duk ana karantawa.

"Umma, kin gani?"

"Na gani tun a aji," ta ce, idonta a rufe. "Na gobe: Tunkiya ta ci ciyawa. Kada ki tashe ni sai kin gama."