Dusar da Ba Ta Yi Tsami Ba

Uwar Ƙuda 'yan gidansu ke kiranta, ita ma ta daina musu. Shekara huɗu ta yi a ɗakin bincike tana kiwon ƙudan nan mai huda mangwaro ya zuba ƙwai. Dabarar ita ce a dandaƙe mazan da hasken na'ura, a sake su a lambu su yi ta barbarar banza har iri ya yanke. Sai dai dandaƙaƙƙen namiji rago ne, matan ko kallo bai ishe su ba. Ita ta gano cewa in aka cakuɗa bakteriyar hanjin ƙudan daji a dusar da yake ci tun yana tsutsa, da ƙarfinsa yake tashi.

Lambun Kawu ta zaɓa, bishiya tamanin, da su yake ciyar da baki goma sha ɗaya.

"Kawu, bana kada ka yi feshi, zai kashe nawa ƙudajen."

"To 'yar nan, ke kika yi karatu," in ji shi, ya rataye tankin feshin.

Wata uku tana sakin ƙudaje. Ranar tsinka, duk mangwaron da ta tsaga sai tsutsa tana wutsil-wutsil. Ta koma ta duba hanjin ƙudajenta a madubin bincike, wayam, babu bakteriyar.

Ta sami Baba mai kiwo, tsohon da ke dama dusar, yana wanke tire. Shekara talatin yana aikin, ko sau ɗaya dusa ba ta taɓa ruɓe masa ba, kuma yana ji da hakan.

"Baba, me kake sawa a dusar?"

"Abin da kika rubuta, Malama. Sai ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na ji tana tsami tun makon farko, na ce kada ta ba ki kunya."

"Tsamin nan shi ne aikin, Baba."

Ya tsaya da tire a hannu, ruwa na zuba a takalminsa. Ta so ta yi masa ihu, ta kasa. Ita ce ba ta taɓa zama ta yi masa bayani ba, takarda kawai take manna masa a bango.

Da ta koma lambu ta tarar da Kawu ya haƙa rami yana binne mangwaron, don kada tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shiga na maƙwabta. Wari ya cika wurin. Ta gaya masa komai, har da cewa baɗi abin zai yi, ta tabbata.

Ya saurara har ta gama, bai ɗago ba.

"Na yarda, 'yar nan. Amma na ba da lambun haya. Miƙo min kwandon can, saura bishiya hamsin."