Majinyacin Aro

Tun da aka kafa faifan tauraron ɗan'adam a kan rufin ƙaramin asibitin, Auta ta koma ɗaliba. Duk Laraba da hantsi takan zauna gaban talabijin a ɗakin allura, wata Likita da ke can wata uwa duniya tana koyar da ita tare da ma'aikatan wasu asibitoci goma sha ɗaya. Yau ce jarrabawa: awon hawan jini a gaban kyamara. In ta ci, a bar mata asibitin ta riƙe. In ta faɗi, ta koma miƙa kati ta taga.

Mai gadin da ya yi alkawarin za a gwada a kansa ya sulale tun da safe. Dole ta tsallaka titi zuwa shagon mahaifinta.

Baba tela ne, kuma ko inuwar asibiti ba ya yarda ta taɓa shi. Amma da ya ji za a gan shi a garuruwa goma sha ɗaya, sai ya ajiye almakashi, ya canja riga, har da fesa turare, sai ka ce tauraron na da hanci.

"Baba, zama kawai za ka yi," in ji Auta. "Don Allah kada ka ce komai."

"Majinyaci fa kika ce. Ina kika taɓa ganin majinyacin da ba ya nishi?"

Likita na bayyana a talabijin, Baba ya dafe ciki, ya langaɓe wuya, ya saki wani wayyo da ya kori kajin da ke harabar asibitin. Murya takan ɗan makara a hanya kafin ta iso, don haka dariyar Likita sai daga baya ta zo.

"Wannan baiwar Allah sai ta yi shawara kafin ta yi dariya," in ji Baba.

Kunya kamar ta kashe Auta. Ta naɗa masa ɗamarar awo a dantse, shi kuwa yana juya bakin ɗamarar yana tsaki, wai ɗinkin gaggawa ne. Ta matsa robar, ta kasa kunne, ta zuba wa allurar awon ido. Ɗari da casa'in bisa ɗari da goma: jini ya hau sosai. Ta sake. Haka dai.

Kyamara ba ta hango allurar, kuma ta haddace lambar da littafi ya ce ta mai lafiya ce. In ta faɗi waccan, ba wanda zai sani. In ta faɗi abin da ta gani, ko dai ta tafka kuskure a gaban garuruwa goma sha ɗaya, ko kuwa Babanta ne. Tsoro ya hana ta ƙarasa tunanin.

"Me kika samu?" in ji Likita.

Auta ta faɗi abin da ta gani.

Likita ta ce a bar shi ya huta minti biyar, a auna ɗaya hannun, a kuma matso da ma'aunin gaban kyamara. Aka yi haka. Allurar ba ta sauka ba.

"Baba, kana ciwon kai?" in ji Likita.

"Na wasan ko na gaske?"

"Na gaske."

Baba ya kai hannu bayan kansa. "Ƙeyata ce. Ta kai wata biyu. Na ɗauka sunkuyo a kan keken ɗinki ne."

Likita ta shiga bayanin magani da rage gishiri da awon kullum, Auta na rubutawa, hawaye na ɗiga a takardar. Wata biyu tana gaishe shi safe da yamma, bai taɓa gaya mata ba. Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

"Likita, bar zancena tukuna. Yarinyar nan ta ci ko ba ta ci ba?"

Amsar ta makara a hanya kamar kullum.

"Ta ci, Baba. Ta ci sosai."

Baba ya sauke hannun rigarsa a hankali, ya maƙala maɓalli. Bai kalli talabijin ba, 'yarsa ya kalla.

"To, Malama. Ƙarfe nawa zan zo gobe?"